Ranar da Muka Daɓe Makarantar Garinmu

Tun da sanyin safiya nake jin ƙarar diga daga bayan gari, ba waƙa a cikinta, ba amshi. Na ɗaga murya ta kan katanga na tambayi maƙwabciyata, ta ce ai tsohon ɗakin makarantar firamare ake fasawa, wanda aka gina da ƙasa, za a yi sabo na bulo da siminti. Ta faɗa ta ci gaba da wankinta, kamar dai an ce an sare wata busasshiyar bishiya a gonar da ba ta san mai ita ba. Ban ce kada a fasa ba. Ɗaki ya tsufa, azararsa ta ruɓe, yara sun yi yawa. Kuma wa zai tambaye ni? Ni da ban taɓa riƙe alli ba, ni da ko sunana aka rubuta a bango sai dai in wuce shi in ce masa sannu. Amma ƙasan ɗakin nan da ake sara, gwiwoyina sun san shi kafin ƙafar kowane ɗan makaranta ta taka shi. To bari in faɗa, tun da sauran numfashi, don waɗanda muka yi aikin tare duk sun riga ni kwanciya.

A wancan zamanin garin nan bai kai rabin haka ba, amma gonaki sun fi yanzu matsuwa a ido, gona na jingine da gona, ba ka gane iyaka sai da layin gamba. Ba wanda zai ba da taƙi ɗaya na ƙasa mai kyau don karatun boko. Da aka ce in gari ya gina ɗaki za a turo malami, sai dattawa suka nuna wani fako a bayan gari, wurin da ko ciyawa ba ta son zama. Maza suka yi gayya, suka buga tubali, suka ta da bango, suka yi rufi. Saura daɓe kawai. Sai damina ta yi gardama. Ta bayanta ma ta bi sahunta. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, yana kallon sama kamar yadda muke kallonta. Maza suka fara zamewa cin rani, wasu birnin Kano, wasu kudu, mai gidana ma ya ɗaura ƙunshinsa ya bi su. Aka bar gari da mata da yara da tsofaffin da ƙafa ta ƙi.

Ku yaran yanzu da kuka tashi da kukan injin niƙa ba za ku san abin da shirun turmi yake nufi ba. Mu da sautin daka muke sanin lafiyar maƙwabta. In ka ji luguden taɓarya daga gidan wane, ka san yau za a kwana da tuwo. A shekarun nan gari ya yi tsit, sai kukan kurciya da tarin tsofaffi. Mun ci tafasa, mun ci dusa, mun ci ganyen da a da akuya kawai muke tsinkar wa. Da bazara ta kama, ɗorawa ta nuna, ita ta riƙe mu. Yara su wuni suna lasar garinta, bakinsu rawaya, cikinsu a kumbure. Ƙwallon mu ajiye don daddawa, ɓawon kuwa ya taru tsibi-tsibi a bayan kowane ɗaki. Rijiya ta ƙafe sai laka, sai mun je rafi mun tona yashi mun zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo, ƙoƙo-ƙoƙo.

A cikin wannan hali malamin ya iso. Malam Garba, ɗan wajen Ɗambatta, saurayi siriri mai yawan sunkuyar da kai, da kekensa da akwatin ƙarfe da baƙin allo ɗaure a baya. Ya buɗe ɗakin ya tarar awaki sun daɗe da mayar da shi nasu. Ƙasa ta zama gari, tunkuyau sun cika ta. Yaran da mai unguwa ya tattaro masa suka zauna wuni ɗaya, suka koma gida da ƙafafu duk ƙuraje, washegari ko rabinsu bai gani ba. Ya share, ya yayyafa toka, a banza. Ana nan sai labari ya zo cewa waɗanda suka turo shi za su zo dubawa kafin ruwa ya sauka. In suka tarar ɗaki bai zaunu ba, yara ba su zauna ba, za su ɗauke shi su kai wani gari na bakin titi, mu kuma shi ke nan.

Mai unguwa ya ce daɓe aikin mata ne, gaskiyarsa kuwa. Amma daɓe yana da ƙa'idarsa. Ba a taruwa haka kawai a hau dukan ƙasa. Dole akwai uwar ɗaki, wadda za ta bi gida-gida ta yi gayya da bakinta, ta kuma ciyar da duk wadda ta riƙe madaɓi, ko da fura ce. Macen da ta kira daɓe ta sallami mata da yunwa, an dinga ba da labarinta ke nan har jikokinta. To makaranta ɗakin wa ce? Ba ta da uwar ɗaki. Malamin ko mata ba shi da ita.

A rafi aka yi maganar, muna zaune kewaye da ramin yashi kowa da tulunta. Dije ce ta fara, ƙawata, wadda duk daɓen da aka yi a garin nan ita take ba da waƙa, bakinta kuwa ba ya barin kowa.

Ta ce, “Wai mu za mu daɓe wa gwamnati ɗaki. To madalla. Gwamnati ta aiko matarta ta dama mana fura, gobe ma sai mu fara.”

Aka yi dariya, irin dariyar masu yunwa, gajeriya. Ni ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji kawai na ce, “Ni na kira.”

Dije ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa. “Ke? Da me? Ko gero kika tono a yashin nan ba mu gani ba?”

Wata daga baya ta ce, “Ku ƙyale ta, ai mun san don wa take yi.”

Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, “Ni ba ni da kowa a makaranta.”

“A’a, ba ki da kowa,” in ji Dije. “Waccan mai leƙen taga kullum, daga sama ta faɗo.”

’Yata ta fari suke nufi. Sunanta ban taɓa faɗa ba, ba kuma yau zan fara ba. Haka muka tarar, haka muka yi: ’yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da ita. In ta faɗi, sai dai wata ta ɗaga ta, ke ki kau da kai. Tun da aka yaye ta a ɗakin Iya take, uwar mai gidana, ni kuwa Yaya take ce mini. Amma ina da ido. Tun ranar da malamin nan ya jingina allonsa, yarinyar nan ba ta da wurin zuwa sai gindin tagar ɗakin. Ko da sauran yara suka gudu, ita tana can tana ɗage. Ta dawo gida ta sami tsinke ta dinga zane a ƙasa, tana magana ita kaɗai. Ni kuma na san wannan leƙen. A garinmu na haihuwa, ranar da aka zo ɗaukar yara makaranta, a rumbu aka jefa ni aka rufe, ina jin muryoyin baƙin ta cikin zana, ina jin ana rantsuwa ba yarinya a gidan. Da aka fito da ni har goro aka raba don murna. Ban taɓa ce wa kowa na so a gan ni ba.

Na dawo daga rafi na tarar labari ya riga ni isa gida. Iya na zaune a inuwar ɗakinta tana kaɗi, ko da yake audugar ma ragowar bara ce. Tsohuwa ce mai kaifin harshe, ba ta kuma taɓa ɓoye ra'ayinta kan boko ba. Takan ce karatun da ake yi a zaune kan benci kamar masu jiran mota, ba ta ga ranar da zai kai mutum ko'ina ba.

Ba ta ɗago ba ta ce, “An ce kin yi gayyar daɓe.”

Na durƙusa na ce, “Eh, Iya.”

“Me za ki ba su? Iska?”

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

“Ɗakinki ne?”

“A’a.”

“Na ubanki ne?”

“A’a, Iya.”

“To don wa?”

Wannan amsar ba ta faɗuwa, ita ma ta san ba ta faɗuwa. Mazarinta ya yi ta juyawa. Can gefe yarinyar tana tsugune tana zanenta a ƙasa, ba ta san da ita ake ba. Iya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, “Ƙawar nan tawa ta ishe ni da zane-zane, duk ta ɓata mini tsakar gida. Gara a sama mata inda za ta je ta yi.” Ta nuna ƙofar ɗakinta da haɓa. “Shiga ƙarƙashin gado, can ƙurya, ki jawo tukunyar da aka liƙe.”

Na jawo ta da ƙyar. An shafe bakinta da laka, da na fasa sai ga toka, ƙarƙashin tokar kuwa gero, tsohon gero mai kyau, irin wanda idona ya manta. Na san ko na mene ne, don kusa da tukunyar ga farin ƙyalle a naɗe. Tanadin Iya ne na ranar da za ta bar duniya, geron da za a daka gumbar sadakarta. Duk yunwar da muka sha ba ta taɓa shi ba, mu ma ko a mafarki ba mu taɓa tunaninsa ba.

Na ce, “Iya, wannan ai na…”

Ta katse ni. “Na san na mene ne, ni na zuba. In na mutu ku yi mini addu'a da baki, Allah ba ya bukatar gumba kafin ya ji. Kuma kada ki ce ke kika ciyar, balle a ce kin yi rashin kunya a kan ’yar fari. Ki ce tsohuwa ce ta kira daɓe don ƙawarta. Ke aikenki na yi.”

Haka na bi gida-gida da saƙon Iya. Ba wadda ta ce a'a. Muka kwashe ɓawon ɗorawar nan da yunwa ta tara mana, muka jiƙa shi a manyan tukwane har ruwan ya yi baƙi ya zama makuba. Ban taɓa ganin shekarar da makuba ta wadata kamar wannan ba, abin da ya rage daga abincin wahala shi ya zama maganin ƙasa. Ruwa kuwa kowace mace ta dinga tara na wanke-wankenta, ba a zubarwa. Yara suka ɗebo tsakuwa a kwanduna daga bakin rafi. Ranar da na sa geron Iya a turmi, na ɗaga taɓarya na sauke, sai na ga kawuna suna leƙowa ta kan danga. An daɗe ba a ji wannan sautin a unguwarmu ba.

Da hantsi muka taru a fakon. Malam Garba ya zo da niyyar taimako, ya naɗe hannun riga, Dije ta tare shi a bakin ƙofa.

“Malam, ina zuwa?”

“Na ce ko ruwa in riƙa miƙo muku.”

“Yau ajin namu ne. Ka tafi gindin masallaci ka zauna da tsofaffi, in an tashi za mu aiko maka. Kuma kada ka saurari waƙarmu, ba ta samari ba ce.”

Ya tafi yana tuntuɓe, kunya kamar ta kashe shi.

Muka baza tsakuwa, muka yayyafa ruwa, muka ɗaure zane a ƙirji, muka jeru a gwiwa daga wannan bango zuwa wancan, kafaɗa na gogar kafaɗa. Dije ta ɗaga murya, muka amsa, madaɓai suka sauka tare kamar hannu ɗaya. Wanda bai taɓa jin daɓe ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙasa ce take amsawa a cikin ƙirjinka. Dije ta yi wa damina waƙa ta zage ta tas, ta yi wa mazan da suka tafi suka bar mu da tsofaffi, ta yi wa gwamnati da matarta da ba ta iya dama fura ba. Ta sako ni a ciki, wai ga mai daɓe don ’yar maƙwabta, mata suka amsa da shewa, ni kuwa na dage da duka kaina a ƙasa. Ba mu da ƙarfin da muke da shi a shekarun ƙoshi. Hannuwa sun rame, wata sai ta yi duka kaɗan jiri ya ɗebe ta, a ja ta gefe a ba ta ruwa, wata ta shiga gurbinta. Da rana ta take aka kawo furar. Aka zauna aka sha, wasu suna ɓoye rabin tasu a ƙoƙo don yaran da suka bari a gida. Iya da kanta ta zo, tana dogara sanda, ta zauna a bakin ƙofa kamar uwar amarya tana ba da umarni: nan bai daku ba, can kusurwar an yi ha'inci. Muka zuba makuba, muka sake bi, muka sake zubawa, har ƙasa ta yi baƙi ta yi santsi tana ɗaukar ido. Da la'asar, in ka buga madaɓi sai ya yi tsalle ya dawo maka.

Da ɗakin ya bushe, yara suka dawo, har da waɗanda ba a kira ba, don daɗin sanyin daɓen kawai. Masu dubawa suka zo a wata mota da ta tsaya nesa saboda rashin hanya. Ban gan su ba, ina gida. Labari dai ya iso mini cewa sun shiga, sun tarar da yara zaune a jere suna bin bakin malami, babbansu ya ce a bar shi a nan. Iya ce ta kama hannun yarinyar ta kai ta aka rubuta sunanta. Ni ina bayan danga ina tankaɗen abin da babu.

Iya ba ta ga sabon gero ba. Ruwa ya sauka, shuka ta yi kyau a karon farko bayan shekarun nan, amma jikinta ya riga ya gaji. Ranar sadakarta ba abin da za a daka a gidanmu. Na zauna a ɗakinta kunya ta rufe ni, mata suna shigowa suna zama, ba abin miƙa musu. Sai Dije ta gyara zama ta ce, “Me kuke jira? Ai mu mun riga mun sha gumbar Iya tun tana da rai, har tana yi mana faɗa a kai. Ku ɗaga hannu.” Ban taɓa ganin sadakar da aka daɗe ana addu'a kamar wannan ba.

Daga ɗakin nan ɗaya makaranta ta yi ta haihuwa. Aka ƙara na biyu, aka ƙara na uku, aka zo aka yi na kwano. Itatuwan darbejiyar da yanzu ake hutawa a inuwarsu, ’yan ajin farko ne suka dasa, kowane yaro da nasa, yana kawo masa ruwa a gwangwani daga gida. Fakon da ciyawa ta ƙi, yau shi ne wuri mafi inuwa a garin nan. Malaman da suka koyar a ƙauyukan kewaye, da masu duba marasa lafiya, da masu aikin noman rani a Watari, da wanda yake karanta wa mutane takardar asibiti a kasuwar Tsanyawa, in ka bi sawunsu duk a kan daɓen nan suka fara zama. Yanzu in ana ba da tarihin makarantar sai a ce gwamnati ta gina ta a zamanin wane. Ba a yi ƙarya ba, ita ta turo malami. Amma ba a cewa komai game da tukunyar da aka fasa.

Yarinyar ta yi karatu, kanta ya ɗauka. Ta gama nan aka ce ta ci jarrabawa, za ta makarantar kwana. Ranar tafiyarta ubanta da ƙannensa suka raka ta bakin titi, har Dije ta bi su tana riƙe mata akwati. Ni ban je ba, ba a yi. Ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa ta ce, “Yaya, zan tafi.” Na ce, “To, a kula.” Ban ɗago ba. Da suka fita na je inda dangar ta ɓule na sa ido, ina kallon bayanta a tsakanin dawa har ganye ya rufe ta. Daga wannan makarantar sai wata, daga nan sai aikin asibiti, sai aure a birni. Ƙannenta ma duk ta ƙofar ɗakin nan suka bi, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dawo ya zauna. Abin da na roƙa aka ba ni, ban kuma ce a mayar ba. Sai dai ban san cewa in yaro ya iya karatu, hanya ce take fara kiransa ba. Mai gidana ya rasu, Dije ta rasu, matan da muka jeru a gwiwa aka yi ta ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, har na daina tambayar wa ya rage. Gidan da a da sai an yi faɗa kan tabarma, yanzu in na yi tari ni nake ce wa kaina sannu.

Suna kula da ni, kada a ce ban faɗa ba. Suna aiko da abinci da magani, suna kira a waya. Ta sha cewa in koma wurinta, na ce ƙafata ba ta san hawa bene ba. Da sallar da ta wuce ta zo, ita ma yanzu furfura ta fito mata, har da jikokinta. Muna zaune a tsakar gida tana ba su labarin ƙuruciyarta, ta ce musu ajinsu na farko ƙasansa baƙi ne mai santsi, har zamiya suke yi a kai in malam ya fita. Sai ta juyo ta ce, “Yaya, wai su wa ma suka yi daɓen nan? Na san dai Iya ce ta kira.”

Na dubi fuskarta, abin da a da ba na yi. Saura kaɗan in faɗa mata gaskiya.

Na ce, “Matan gari ne.”

Ta ce, “Allah sarki. Allah ya jiƙansu.”

Na ce amin. Kafin la'asar suka shiga mota, don hanya ba ta da kyau in duhu ya yi. Na tattara kwanonin da suka ci abinci na kai gindin randa. Da Dije na nan, da tuni ta kwashe da shewa ta fasa ƙwan a gaban kowa, ta ce ƙarya take, don ke ta yi, har waƙa na yi mata a kai. Na zauna ina wanke kwanonin a hankali. Duk garin nan yanzu ba sauran mai tona ni.